Shaidar Igiyar Guga

Shekarata ta farko a aikin koyarwa, gwamnati ta jefa ni wani ƙauyen Zabarmawa a yankin Fakara, gabas da Yamai. Ni kuwa Bagobiri ne daga ƙasar Maraɗi, ko gaisuwa ban iya da Zabarmanci ba. Allah ya haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana ci-rani a Kumasi, ya iya Hausa irin ta zango. Shi ya zame mini uba, ya zame mini tafinta, ga kuma wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, wanda bai taɓa bari ya huce ba. Kullum in an tashi daga lakwal nakan same shi a bakin rijiya yana shayar da 'yan bisashensa.

Wata la'asar sai ga mota ta tsaya. Mutum biyu suka fito, Bature da ɗan ƙasa, suka zura wata igiyar awo a rijiyar har ta yi ƙara, suka rubuta wani abu a littafi, suka yi sallama suka wuce. Na ce, "Baba, me waɗannan suke nema?" Ya ce, "Mushe, abin da igiyata ta riga ta faɗa mini suke tambayar tasu." ('Yan'uwana na Najeriya kada ku yi dariya, a wajenmu haka ake kiran malamin boko.) Sai ya nuna mini ragowar igiya a naɗe a gindin ƙafarsa. Ya ce tsawon da mahaifinsa yake sakawa shi ma yake sakawa, amma yanzu guga na taɓa ruwa da saura kusan gaba biyu a hannunsa. Ruwan rijiya ya hau.

Ban yarda ba. Ni da na tashi cikin yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, na ga shanu na faɗuwa a bakin hanya. A littafin da nake koyarwa da shi kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa hamada na gangarowa, rijiyoyi na ƙafewa. Na faɗa masa haka cikin ladabi. Ya yi dariya ya ce, "To Bagobiri, ka leƙa ka karanta wa rijiyar littafin."

Shekaru sun shuɗe kafin in karanta abin da mutanen motar nan suka rubuta. Da na karanta, sai ya ja ni baya, ina neman asalin darasin da na yi ta koya wa yara. Na same shi ya girmi dattijon kansa.

A 1934 wani Baturen Ingila mai suna E. P. Stebbing, malamin ilimin gandun daji a Jami'ar Edinbara, wanda ya daɗe yana aiki a Indiya, ya zaga Afirka ta Yamma, ya ratso Arewacin Najeriya da ƙasarmu. Da rani ya zo. A 1935 ya buga maƙala a mujallar masana labarin ƙasa ta Landan, ya ce Sahara na cin ƙasa wajen kilomita guda kowace shekara, kuma ta yi ƙarni uku tana haka. Ya ɗora laifin a kan manomi mai sassabe, da mai cinna wa daji wuta, da makiyayi. Maganin da ya kawo shi ne a gitta katangar itatuwa don tare rairayi. Ba na zarginsa da mugun nufi. Duk baƙon da ya sauka Tasawa a watan Maris zai rantse ba a taɓa shuka komai ba a wurin. Da ya dawo a Agusta, gero ne zai rufe shi har hularsa.

Maganar ta tayar wa gwamnatocin mulkin mallaka hankali, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na masana daji. Daga Disambar 1936 zuwa Fabrairun 1937 suka bi ƙasar da ke tsakanin Yamai da Tafkin Cadi, suna tsallaka iyaka suna dawowa. Sun tarar da ɓarna nan da can, inda mutane suka yi yawa. Amma hamada mai tafiya ba su gan ta ba. Tuddan rairayin da suka tsorata Stebbing tsofaffi ne, ciyawa da itace sun daɗe da ɗaure su, kuma ba su sami alamar cewa ruwan rijiyoyi na ja da baya a ƙasar baki ɗaya ba. Rahoton ya kwanta a ofis, labarin Stebbing kuwa ya ci gaba da yawo. An ce ƙarya fure take yi ba ta 'ya'ya. Wannan ba ƙarya ba ce, kuskure ne, kuma ya yi 'ya'ya har da jikoki.

Abin da ya ba kuskuren haƙori shi ne doka. Ranar 4 ga Yulin 1935 Faransa ta fitar da dokar gandun daji ta ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Aka keɓe dazuzzuka, aka lissafa itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, ko da a tsakiyar gonarka suke. Mun sami mulkin kai a 1960, amma dokar daji ta 1974 ba ta kauce wa wannan turba ba. Ina yaro aka ci mahaifina tara don ya sare reshen gawo ya ba tumaki, gawon da kakansa ya bari a gonar. Tun daga ranar, duk ɗan tsiron da ya fito a gonarmu fartanya ce rabonsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa malamin daji? Abin mamaki, a Damagaram ana ba da labarin cewa sarakunan da ma sun hana saran gawo, da hukunci mai tsanani. Bambancin shi ne, a wancan zamani manomi ya san 'ya'yan gawon da inuwarsa da takin ganyensa nasa ne.

Cikin 'yan kwamitin nan akwai Bafaranshe André Aubréville, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya yi abin da Stebbing bai yi ba: ya auna. A 1936 ya yanki filaye uku a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa, kowanne hekta 2. Na farko aka hana wuta shiga sam. Na biyu ana ƙona shi a Disamba, farkon rani, ciyawa da sauran ɗanyenta. Na uku sai a Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau. Aka yi ta maimaita haka shekara bayan shekara, Aubréville ya mutu, magada suka ci gaba. Da aka duba bayan kusan shekara 60, filin da aka tsare ya zama kurmi. Filin wutar Maris ya koma ciyawa da 'yan itatuwa masu taurin ɓawo jefi-jefi. Na wutar Disamba ya tsaya tsakani, inda ƙasa ke da ƙarfi ma har ya rufe da itace.

Gwajin ya nuna cewa wuta suna ta tara, lokacin da aka sa ta shi ne magana. Amma abin da ofisoshi suka ɗauka shi ne wuta abokiyar gaba ce, mai sa ta kuma mai laifi. Sai daga baya, a Mali, wani mai bincike Paul Laris ya bi yadda ƙauyawa ke ƙona daji, ya ga ba haka kawai suke yi ba. Tun farkon rani suke bi yanki-yanki suna ƙone inda ya fara bushewa, don in babbar gobara ta tashi daga baya ta tarar da gurabe ƙonannu ta mutu a nan. Mu kuma a Sahel lissafinmu daban ne. Ruwan Buwake ya kusan ninka namu, kuma busasshiyar ciyawa ita ce rumbun makiyayi har damina ta faɗi, shi ya sa a arewacin Dakwaro da Tawa ake share hanyoyi a cikin daji don tare gobara. Darasin fili guda a Kodebuwa aka auna wa rabin nahiya.

Aubréville ɗin dai shi ya yayata kalmar Faransanci da muke fassarawa da kwararowar hamada, a littafinsa na 1949. A ganinsa yawancin dajin ciyawa na Afirka tsohon kurmi ne da mutane suka lalata. A 1996 wasu masana biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka gwada wannan zato a Kisidugu ta ƙasar Gini. Ma'aikatan daji sun daɗe suna kallon 'yan kurmin da ke kewaye da ƙauyuka a matsayin ragowar babban dajin da aka cinye. Da aka ɗauko hotunan jirgin sama na 1952, aka kuma saurari tsofaffi, sai ta bayyana mutanen ƙauyukan ne suka reni kurmin, kuma a wurare da yawa ƙaruwa yake yi.

Amma kafin a kai nan, fari ya riga ya rufe bakin duk mai gardama. Daga 1968 zuwa 1974 sama ta ƙi. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a Nairobi kan kwararowar hamada. A 1984 aka sake faɗawa, Shugaba Kunce ya tara ƙasa a Maraɗi don a yi muhawara kan lamarin. A Yunin 1985 Kogin Isa, wanda maƙwabtanmu ke kira Kwara, ya daina gudu a Yamai. Wa zai ce Stebbing bai yi gaskiya ba? Sai a 1991 hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna cewa bakin hamada ba tafiya ɗaya yake yi ba: in ruwa ya yi ƙaranci ya gangaro kudu, in damina ta yi kyau ya koma.

To, a nan mutanen motata suka shigo. A 1992 aka yi wani babban bincike mai suna HAPEX-Sahel a ƙasar da ke kewaye da Yamai, aka kafa ma'aunan ruwan sama, aka fara bin rijiyoyin ƙauyuka ana auna zurfin ruwa a kai a kai. Masu binciken cibiyar Faransa ta ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, tare da abokan aikinsu 'yan Nijar, suka tono tsofaffin takardun da aka rubuta zurfin waɗannan rijiyoyi tun wajen samun mulkin kai, suka gwada da na yanzu. Christian Leduc da Guillaume Favreau na cikin waɗanda suka fitar da sakamakon. Daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin ya hau da kimanin mita 4. A tsakiyar wannan lokaci kuwa, daga 1970 zuwa 1998, ruwan sama ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 in an gwada da shekarun da suka gabata. Mita 4 gaba biyu ce da 'yar ɗoriya. Da na ga adadin sai na ajiye takardar, ragowar igiyar nan kawai nake gani.

Yaya sama za ta rage, rijiya ta ƙaru? Sai mutum ya san ƙirar ƙasar Fakara zai gane. A sama akwai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, ƙasarsu marmara. Itacen da ke kansu, galibi geza da sabara, layi-layi yake fitowa: layin fako, layin duhuwa, layin fako, layin duhuwa, har in ka hango daga jirgi kamar an zana. Ruwan da ya zuba a fako yakan gangara ya shige duhuwar da ke ƙasansa, ita kuma ta shanye. Daga tuddan sai gangare mai jigawa, inda ake noman gero, sai kwari. A da gona kaɗan ce a gangaren, sauran duk saura ce da ake barin ta ta huta shekaru, sabara da ciyawa sun rufe ta. Ruwan Yamai bai cika wuce milimita 550 zuwa 600 a shekara ba, kuma kusan duk abin da ya jiƙa jigawa saiwa ce ke zuƙe shi ko rana ta ɗauke. Ba ya kai wa ga taskar ruwan ƙasa, wadda a ƙarƙashin tuddai take da zurfin gomman mitoci. Ƙofarta guda ce: tabkunan da ke taruwa a kwari da damina. Kwarin nan ba su da mafita zuwa kogi, saboda haka ruwan da ya kwanta a tabki, mafi yawansa nutsewa yake yi.

Sai jama'a ta ƙaru, gonaki suka faɗaɗa, hutun saura ya gajarce, ga Yamai na ta girma tana cin itacen girki. An jera hotunan jirgin sama na wani yanki mai murabba'in kilomita 500, daga 1950 zuwa 1992, aka ga an sassabe kusan kashi 80 cikin 100 na dajin. Ƙasar da aka tuɓe, in ruwa ya doke ta sai fuskarta ta yi ɓawo kamar ƙanzo. Ruwa ba ya shiga, gudu yake yi. Ya tsaga kwazazzabai, waɗanda a hotunan suka ninka fiye da sau biyu, ya kwarara kwari, tabkuna suka yawaita suka kuma daɗe ba su ƙafe ba. An ƙiyasta cewa kafin sassaben abin da ke isa taskar ƙasa bai wuce milimita 2 a shekara ba. Bayansa ya kai wajen 25.

Ashe ruwan da ya hau a rijiyar dattijona, ruwan da gonarsa ta kasa riƙewa ne. Gero na jin ƙishirwa a tudu, guga na cika a kwari. Shi ya fi ni gaskiya kan rijiya, wannan ba gardama. Littafina kuma bai yi ƙarya ba da ya ce an cinye daji. Inda ya ɓata shi ne da ya ɗaure abubuwan biyu da igiya ɗaya, ya ce in itace ya tafi dole rijiya ta bi shi. Kuma ribar ba ta zo a wanke ba. Awon ya nuna sinadarin naitiret na ƙaruwa a ruwan wasu rijiyoyi, wanda yawansa illa ne, musamman ga jarirai. Irin wannan gudun ruwa a kan ƙasa mai ɓawo shi ke cika Sirba da Dargol da Gorwal, rassan da ke zuba a Kogin Isa ta yamma, har jan ruwan damina ya riƙa shiga unguwannin Yamai, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020. Kogin da aka taka da ƙafa a 1985 ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauki labarin Fakara ya shafa wa ƙasa duka, don kuskuren da nake ba da tarihinsa ke nan. A wajenmu Gulbin Maraɗi ba ya kawo ruwa kamar da, kuma madatsar Jibiya da ke sama da mu tana da hannu a ciki. Kowace taskar ruwa da halinta.

A ƙasar tamu ta Maraɗi wani abu daban ne ya faru, shi ma ba a hango shi daga ofis ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan kurarrajin tsiron da ke cikin gonaki ba ciyawa ba ne. Kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa, kowace shekara suna tohowa ana sarewa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran, cikin 'yan shekaru ka sami itace. Ba sabon ilimi ba ne, kakanninmu sun san shi, tsoron tara ne ya binne shi. Muka sa masa suna sassaben zamani. Ya bazu ne a daidai lokacin da hannun hukuma ya yi sanyi a karkara, sannan dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka fara amsa cewa manomi na da haƙƙi a kan itacen gonarsa. Mahaifina, wanda ya yi shekaru yana kashe tsiro, da hannunsa ya koya wa ƙannena yadda ake gyara kalgo.

Duniya ba ta sani ba sai wajen 2005, da Gray Tappan da Chris Reij da masananmu irin su Mahamane Larwanou suka gwada hotunan 1975 da sababbi. Suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A Magarya da Matamai da Mirya gawo ne ya rufe gonaki. Katangar da Stebbing ya so gwamnati ta gitta, sai ga wani abu mai kama da ita ya tashi a gonakin mutanen da ya zarga.

Wannan ya bar ni da tambayar da ta daɗe tana damuna. In sare itace ne ya ɗaga ruwan rijiya, dawowar itace za ta mayar da shi ƙasa ke nan? Amsa mafi kusa da na samu daga Burkina Faso take. A 2016 Ulrik Ilstedt da abokan aikinsa suka buga awon da suka yi a gonakin kaɗanya na Sapone. Sun ga a ƙarƙashin itace saiwa na shanye ruwa, can nesa a fili kuma ƙasa ta toshe ba ta karɓa. Amma a tsakani, kusa da bakin inuwa, inda ramukan gara da tsofaffin hanyoyin saiwa suka huda ƙasa, nan ruwa ya fi nutsewa. Lissafinsu ya nuna itace tsaka-tsaki, ba kurmi ba kuma ba fili tsirara ba, shi ya fi ciyar da ruwan ƙasa. Ƙasar Sapone ba jigawar Fakara ba ce, kuma na koyi tsoron ɗaukar awon wani wuri in kai wani. Sai dai siffar da suka kwatanta, itace nan da can gero a tsakani, ita ce gonar kakana.

Bara na koma ƙauyen. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kwazazzabo ya cinye hanyar da nake bi zuwa lakwal, yanzu sai an zagaya ta bayan masallaci. Tabkin kwari da yake ƙafewa bayan kaka yana kaiwa tsakiyar rani, mata sun kewaye gefensa da shinge suna noman albasa da kabeji. Babban ɗansa ya kai ni bakin rijiyar. An kafa famfo mai aiki da hasken rana a kusa, ba mai ja da guga sai makiyaya masu wucewa. Na ce masa, "Yanzu gaba nawa ce?" Ya ce rabon da ya ƙirga tun Baba na da rai, amma masu motar nan suna zuwa har yanzu, in na kwana biyu wataƙila in gamu da su. Igiyar kuwa tana nan, ya yanka ta uku yana ɗaure awaki.